Yadda ake gwada magani kafin a yarda da shi: darasi daga Doso, Tawa da Madarunfa

Duk maganin da ma'aikacin lafiya ya miƙa muku a likita, da duk rigakafin da ake ɗiga wa jariri a baki, sun yi doguwar tafiya kafin su iso hannunku. A wani gari, wasu mutane sun yarda an gwada su a jikinsu ko a jikin ƴaƴansu. An bi waɗannan mutane wata da watanni, an ƙidaya waɗanda suka warke da waɗanda ba su warke ba. Wannan aiki shi ake kira binciken gwajin magani. Galibi malaman jami'a ne ke jagorantarsa, tare da ma'aikatar kiwon lafiya ta ƙasa da ma'aikatan asibiti.

An yi manyan bincike irin wannan a ƙasarmu Nijar, cikin jahohin Doso, Tawa da Maraɗi, kuma sakamakonsu ya kai har kunnen Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS. Wata rana masu bincike na iya sallama a ƙofar gidanku. Ya kamata ku san abin da ya kawo su, da abin da ya zama haƙƙinku.

Mi ne ne binciken gwajin magani?

Bincike ne da ake yi don a amsa tambaya guda a kan lafiyar mutane. Misali: wannan sabon rigakafi yana hana zawo mai tsanani ga jarirai? Wannan magani ya fi wancan saurin warkar da cuta? Ba kullum ba ne ake gwada sabon magani. Wani lokaci tsohon magani ne ake neman a ga ko yana da wani amfani dabam. Wani lokaci kuma hanyar aiki ce ake gwadawa, kamar a duba yaro mai tamowa a gida ko a kwantar da shi asibiti.

Jami'a ita ce ke da mutanen da suka iya tsara wannan aiki: likitoci, masana ƙwayoyin cuta da masana lissafi. Idan sun gama, dole su rubuta abin da suka samu, wasu masana da ba su cikin aikin su duba shi, kafin a buga shi kowa ya gani.

Domin mi gani da ido bai isa ba?

Mutum zai ce: "Na sha magani, na warke. Wace shaida kuma ake nema?" Amma cututtuka da yawa suna wucewa da kansu. Mai mura yakan samu sauƙi cikin mako guda, ko ya sha magani ko bai sha ba. Idan ya sha wani abu a rana ta biyar, zai ɗauka abin nan ne ya warkar da shi.

Manomi ya san wannan magana. A ce an kawo masa sabon irin hatsi, ya shuka a shekarar da damina ta yi kyau, ya samu damma da yawa. Iri ne ya yi kyau, ko ruwa ne ya wadata? Ba zai sani ba. Manomi mai wayo yakan raba gonarsa biyu, ya shuka tsohon iri a gefe ɗaya, sabo a ɗaya gefen, rana ɗaya, da taki iri ɗaya. In kaka ta yi, sai ya ƙidaya damman kowane gefe. Haka masu binciken lafiya suke yi.

Sharuɗɗan gwaji na gaskiya

Na ɗaya, a samu rukuni biyu. Rukuni ɗaya yana karɓar abin da ake gwadawa, ɗayan ba ya karɓa, ko kuma yana karɓar maganin da aka saba bayarwa. Da rukuni na biyu ake auna na farko.

Na biyu, ƙuri'a ce ke raba mutane. Likita ba ya zaɓe, maigari ba ya zaɓe. Da za a bar wa mutum zaɓi, zai iya sa masu ƙarfin jiki a gefe ɗaya, raunana a ɗaya gefen, ko da bai yi niyya ba. Yau kwamfuta ce ke jefa wannan ƙuri'a.

Na uku, kada kowa ya san abin da aka ba wa. Ana haɗa wani abu mai kama da maganin, launi ɗaya, ɗanɗano ɗaya, kwalba iri ɗaya, amma babu magani cikinsa. Za mu kira shi maganin holoƙo, kamar gujiyar da ke da kwasfa babu ƙwaya. Uwa ba ta san wanne aka ba ɗanta ba, mai rabawa ma bai sani ba. Ta haka son rai ba ya shiga cikin ƙidaya. Doka ta hana a bar mara lafiya da holoƙo kaɗai idan akwai sanannen magani da rashinsa zai cutar da shi.

Na huɗu, mutane su yi yawa. Idan an gwada a kan yara goma, sa'a kaɗai na iya sa rukuni ɗaya ya fi ɗaya. Idan yara dubbai ne, da wuya sa'a ta ruɗi masu ƙidaya.

Sabon magani yana bin matakai. Ana fara duba shi a ɗakin bincike da jikin dabbobi. Daga nan a ba mutane kaɗan, a ga ko yana da illa. Sannan a ba ɗaruruwa, a nemi ma'aunin da ya dace. Sannan a ba dubbai, a auna shi da rukuni na biyu. Ko bayan an yarda da shi ya shiga asibitoci, ana ci gaba da sa ido a kansa.

Binciken da aka yi a jahar Doso

Da yawa daga cikinku sun san maganin azitromisin. Shi ne ake rabawa gari gari don yaƙi da amodari, ciwon idon nan da ke juya gashin ido ciki har ya makantar da mutum. A shekarar 2009 aka buga sakamakon wani bincike na ƙasar Habasha. An lura cewa a garuruwan da aka raba wannan magani don ciwon ido, mutuwar yara ta yi ƙasa da ta garuruwan da ba a kai ga raba musu ba. Sai tambaya ta taso: maganin ne ya yi wannan aiki, ko dacewa ce kawai?

Malaman Jami'ar Kalifoniya da ke birnin San Faransisko a Amurka suka tsara babban gwaji mai suna MORDOR, tare da wasu jami'o'i na Amurka da Ingila. An yi shi daga ƙarshen 2014 zuwa 2017 a ƙasashe uku: Nijar, Malawi da Tanzaniya. Garuruwa 1533 suka shiga ƙuri'a, kuma an rubuta sunayen yara fiye da 190,000 tun a ƙidayar farko. A Nijar an yi aikin cikin garuruwa 594 na gundumomin Boboy da Loga, da hannun ma'aikata ƴan ƙasa da hukumar kula da lafiyar ido.

A nan gari ɗungum ƙuri'a ta raba. Wasu garuruwa suka samu azitromisin, wasu suka samu holoƙo. Yaran da aka ba su ne masu wata 1 zuwa wata 59, wato ƴan ƙasa da shekara biyar. Ana ba kowane yaro sha ɗaya tak, sau biyu a shekara, har shekara biyu. Ana auna nauyin jariri, wanda ya iya tsayuwa kuma a auna tsawonsa da sanda, don a san ma'aunin da za a ba shi. Duk wata shida masu ƙidaya suna komawa gida gida suna tambaya: yaron nan yana raye, ya ƙaura, ko ya rasu?

An buga sakamakon a 2018. Ga abin da aka samu a Nijar, a lissafi mai sauƙi. A ɗauki yara 2000 a bi su shekara guda. A garuruwan da suka samu holoƙo, wajen yara 55 ke rasuwa. A garuruwan da suka samu maganin, wajen 45 ne. Yara 10 kenan suka tsira cikin kowane 2000 a shekara, wato mutuwa ta ragu da kashi 18 cikin ɗari. Da aka zauna da iyayen yaran da suka rasu aka tambaye su alamun ciwon, an ga raguwa a mutuwar da ke da nasaba da zazzaɓin cizon sauro, atuni, sanƙarau da ciwon huhu.

A Malawi raguwar ba ta kai kashi 6 ba, a Tanzaniya kuwa wajen kashi 3 ce. Waɗannan alƙaluma sun yi ƙanƙanta, masu lissafi ba su iya tabbatar da cewa maganin ne ya jawo su ba. A cikin ƙasashen uku, Nijar ce ta fi yawan mutuwar yara a wuraren da aka yi aikin, kuma nan ne amfanin ya fi fitowa fili. Darasin shi ne, abin da ya yi aiki a wata ƙasa ba lalle ba ne ya yi daidai haka a wata. Shi ya sa ake buƙatar bincike a cikin ƙasarmu, a kan cututtukan da ke damun ƴaƴanmu.

Illar da binciken ya gano

Bincike na gaskiya yana neman illa kamar yadda yake neman amfani. Azitromisin yana cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Idan ana yawan shan irin waɗannan magunguna, wasu ƙwayoyin cuta suna sabawa da su, har maganin ya daina kashe su. Masu bincike sun ɗauki majina daga hancin yara sun duba wata ƙwayar cuta mai kawo ciwon huhu da sanƙarau. A garuruwan da suka sha maganin, wajen 12 cikin ɗari na waɗannan ƙwayoyi sun zama masu taurin kai gare shi. A garuruwan holoƙo, wajen 3 ne cikin ɗari.

Saboda wannan tsoro, a 2020 OMS ta yi taka-tsantsan. Ba ta ce a raba wa dukkan yara a ko'ina ba. Ta ce ana iya duba yiwuwar raba shi ga jarirai masu wata 1 zuwa 11 kawai, a yankunan Afirka da mutuwar yara ta yi yawa ƙwarai, kuma a riƙa sa ido a kan taurin kan ƙwayoyin cuta.

Bincike na biyu, a Doso da Tawa

Wannan shawara ta haifi sabuwar tambaya. Idan jarirai kaɗai aka ba, za a samu amfanin da aka gani a baya? Daga ƙarshen 2020 zuwa 2023 aka yi wani gwaji mai suna AVENIR a garuruwa 3000 na jahohin Doso da Tawa, da yara fiye da 380,000. Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ce ta sake jagoranta, tare da ma'aikatar kiwon lafiya da masu bincike ƴan Nijar. An raba garuruwa kashi uku. A kashi na farko an ba dukkan yara ƴan ƙasa da shekara biyar. A na biyu an ba jarirai kaɗai. A na uku kowa ya samu holoƙo.

Sakamakon ya fito a 2024. Inda aka ba dukkan yara, mutuwa ta ragu da kashi 14 cikin ɗari: wajen yara 12 cikin 1000 a shekara, maimakon 14. Inda aka ba jarirai kaɗai, raguwar ta yi kaɗan, ba a iya tabbatar da ita ba. Masu binciken suna ganin cewa idan an yi wa yayyen jariri magani, cutar da za su shafa masa tana raguwa.

A kula da kyau: wannan bayani bai ba kowa izinin sayen azitromisin a kasuwa ya ɗura wa yaro ba. Maganin tebur na iya zama jabu ko wanda rana ta lalata, kuma shan sa barkatai shi ke ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai. Ma'aikatan lafiya kaɗai ke raba shi, da ma'auni, a lokacin da hukuma ta tsaida.

Darasi biyu daga Madarunfa

A gundumar Madarunfa ta jahar Maraɗi, cibiyar bincike ta ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka, mai suna Epicentre, ta yi gwaji biyu tare da ma'aikatar kiwon lafiya da masana na jami'a.

Na farko ya shafi zawo. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna rota da ke kawo wa jarirai zawo da amai masu tsanani, har ruwan jikinsu ya ƙare. Yawancin rigakafi yana buƙatar firiji, ƙauyuka da yawa kuwa babu wutar lantarki. Wani kamfani na ƙasar Indiya ya haɗa rigakafin rota mai jure zafi, sunansa Rotasiil. A 2014 da 2015 aka gwada shi a kan jarirai fiye da 3500. Ana ɗiga shi a baki sau uku, a mako na 6, na 10 da na 14 bayan haihuwa. Cikin waɗanda suka samu rigakafin, an ga zawon rota mai tsanani sau 31. Cikin waɗanda suka samu holoƙo, sau 87. Rigakafin ya hana kusan biyu cikin uku na wannan ciwo. A 2018 OMS ta amince da ingancinsa. Iyayen Madarunfa da suka yarda aka gwada shi sun taimaki jariran ƙasashe da dama.

Na biyu ya shafi tamowa. An saba ba duk yaro mai tamowa mai tsanani maganin amoksisilin na kwana bakwai, tare da abincin gujiya mai gina jiki. A 2012 da 2013 aka gwada wannan al'ada a kan yara wajen 2400 da ba su da wata cuta da ta sa a kwantar da su. Cikin waɗanda suka sha maganin, wajen 66 cikin ɗari suka murmure. Cikin waɗanda suka sha holoƙo, wajen 63. Bambancin bai kai a ce maganin ne ya kawo shi ba, ko da yake waɗanda suka sha shi ba a kai su asibiti kwanciya da yawa kamar sauran ba. Wani gwaji da aka yi a Malawi kafin wannan ya nuna cewa maganin yana da amfani. Idan bincike biyu suka saɓa haka, masana suna haɗa su su auna, hukuma ta yanke shawara. Uwa ta ci gaba da ba ɗanta abin da ma'aikacin lafiya ya rubuta, har ƙarshen kwanakin da aka faɗa mata.

Abin da ya faru a Kano, da dokokin da ke kare mutane

Jama'a suna da dalilin yin hattara. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani asibiti na Kano. Yara wajen 200 ne suka shiga gwajin, rabi suka samu sabon maganin, rabi suka samu wani sananne. Yara 11 suka rasu, wasu suka naƙasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta jawo haka. Iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu cewa gwaji ake yi ba. An yi shekaru ana shari'a, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Wannan lamari yana cikin abubuwan da suka sa mutane da yawa a ƙasar Hausa suka ji tsoron rigakafin shan-inna a shekarun da suka biyo baya.

Dokokin kare mutane sun riga wannan lamari. An rubuta wasu daga cikinsu a 1947 a birnin Nuremberg na Jamus, bayan shari'ar likitocin da suka yi gwaji a kan fursunoni lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1964 ƙungiyar likitoci ta duniya ta fitar da ƙa'idojin Helsinki, waɗanda ake sabuntawa lokaci lokaci. Tushensu ɗaya ne: ba a gwaji a jikin mutum sai da saninsa da yardarsa. A Nijar akwai kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar binciken lafiya, kuma dole kowane bincike ya samu izininsa kafin a fara. A manyan gwaje-gwaje akwai kuma wasu masana masu zaman kansu da ke leƙa alƙaluma ana cikin aiki. Idan suka ga maganin yana cutarwa, suna da ikon cewa a tsaya.

Haƙƙinku idan an nemi ku shiga bincike

A yi muku bayani da harshen da kuke ji, a fili, ba cikin gaggawa ba.

Kuna da damar ku ce a'a. Wanda ya ƙi, za a ci gaba da duba shi da iyalinsa a likita kamar kowa.

Yardar maigari tana buɗe wa masu bincike ƙofar gari ne kawai. Yardar kowane gida dabam take. Game da yaro, uwa ko uba ko mai riƙonsa ne ke ba da izini.

Wanda ya shiga yana iya fita duk ranar da ya so, ba sai ya faɗi dalili ba.

Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba. Wanda bai iya karatu ba ya zo da wani da ya amince da shi, wanda ba ya cikin masu aikin, ya zama shaida. Ku karɓi taku takardar ku adana.

Sunanku da ciwonku sirri ne. Ba a faɗa wa maƙwabta, ba a buga su cikin rahoto.

Shiga bincike ba a biyan kuɗi. Duk wanda ya nemi ko dala ɗaya a hannunku da sunan bincike, ku kai maganarsa ga shugaban likitar garinku.

Tambayoyin da ya kamata ku yi

Wace jami'a ko wace cibiya ce ke wannan aiki? Ina takardar izinin hukuma? Mi ake son a gano? Ɗana zai iya faɗawa rukunin holoƙo? Wace illa aka riga aka sani? Za a ɗebi jini, kuma ina za a kai shi? Idan yaro ya kamu da ciwo cikin dare, wa zan kira, wa zai biya kuɗin magani? Wata nawa aikin zai ɗauka? Idan an gama, za a dawo a gaya mana abin da aka samu?

Mai bincike na kirki ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ƙi amsawa, ko ya yi alkawarin cewa maganinsa tabbas zai warkar, a yi hattara da shi. Da an riga an tabbatar da maganin, da ba a kira aikin gwaji ba.

Jami'o'inmu na gida

Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da sashen koyar da aikin likita, haka ma jami'o'in Maraɗi da Damagaram. Kowane ɗalibin likita sai ya yi bincike ya rubuta kundi kafin a ba shi takardar kammala karatu, kuma da yawa suna yin sa a kan marasa lafiyar da ke asibitocinmu. A Yamai akwai cibiyar CERMES, inda ake awon ƙwayoyin cuta kamar na sanƙarau da na zazzaɓin cizon sauro. Kuɗin manyan gwaje-gwajen da muka ambata daga waje suka zo. Amma masu shiga gida gida, masu auna yara, masu fassara da masu riƙe littattafan ƙidaya ƴan ƙasa ne. Yawan ƴaƴanmu masu ilimin wannan aiki shi zai sa a riƙa bincike a kan tambayoyin da mu muka zaɓa.

Abin da mai karatu zai iya yi

Wanda ya koyi karatu yana da aiki babba a garinsu. Shi zai karanta wa maƙwabcinsa takardar neman yarda, ya tsaya masa shaida. Ita za ta rubuta ranar da aka ba yaro magani, da abin da ta gani a jikinsa bayan haka. Idan kun shiga bincike, ku faɗi gaskiya ga masu ƙidaya, ko da labarin rasuwa ne mai zafin faɗi, domin da wannan ƙidaya ake yanke shawarar da za ta shafi yaran ƙasa baki ɗaya. Kada a raba maganin yaro ɗaya ga yara biyu. Idan yaro ya yi zazzaɓi, zawo ko numfashi da sauri, a kai shi likita a ranar, ko yana cikin bincike ko ba ya ciki.

Ku karanta wannan bayani tare a ajinku na yaƙi da jahilci, ku tattauna shi, ku rubuta tambayoyin nan a littafinku don ranar da za ku buƙace su.